Yadda Ake Ɗora wa Sabuwar Kwamfuta Manhajar Linux

Kowace kwamfuta tana buƙatar babbar manhaja kafin ta yi aiki. Ita ce ke tashi da zarar an danna maɓallin kunnawa. Ita ke karɓar abin da aka buga a madannai ta nuna shi a fuskar kwamfuta, ita ke adana fayil, ita ke magana da firinta da intanet. Sauran ƙananan manhajoji, irin na rubutu da na kallon bidiyo, duk a kanta suke zaune. Wadda aka fi sani a ƙasashenmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kuma sayar da ita ake yi.

Wasu sababbin kwamfutoci suna zuwa da Windows a cikinsu, an riga an haɗa kuɗinta cikin farashi. Wasu kuwa babu komai a ciki. Idan aka kunna su sai baƙin allo da ɗan farin rubutu, shi ya sa suka fi araha. Yawancin masu sayen irin waɗannan sukan wuce wurin mai gyara a saka musu Windows ta jabu, wadda ba a san wanda ya taɓa ta ba, ba a kuma san abin da aka cusa a cikinta ba. Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta, kuma mutum zai iya bin ta da hannunsa ba tare da ya biya kowa ba.

A shekarar 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar wata babbar manhaja ya saka ta a intanet. Kafin shi, tun 1983, Richard Stallman a Amurka ya fara wani shiri mai suna GNU don samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su. Da aka haɗa aikin biyu sai aka sami abin da ake kira Linux. Dokarta a fili take: kowa na iya sauke ta, ya yi aiki da ita, ya kwafa wa maƙwabcinsa, ya buɗe ya ga yadda aka rubuta ta, har ya gyara in ya iya. Babu sata a ciki, domin masu ita ne suka ba da izini a rubuce. Wayoyin Android da ke aljihun mutane da yawa a kan zuciyar Linux aka gina su.

Linux iri-iri ce. Akwai Debian wadda ta fito a 1993, akwai Fedora, akwai Linux Mint. A wannan darasi za mu bi Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa da kamfaninsa Canonical, aka fara fitar da ita a watan Oktoba na 2004. Ku nemi wadda aka rubuta wa haruffan LTS a gaban lambarta, kamar 24.04 LTS. Irin wannan takan fito duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kuma ana ci gaba da kula da ita kyauta har shekara biyar. Ita ta dace da mai koyo. Ubuntu 24.04 tana son ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4 da wurin ajiya na gigabait 25. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi sosai, nau'o'inta Lubuntu ko Xubuntu sun fi sauƙin nauyi.

Kayan da za a tanada kaɗan ne. Filashi mai gigabait 8 ko fiye, wata kwamfuta mai aiki da za a shirya filashin a kanta, da intanet. Fayil ɗin Ubuntu babba ne, wajen gigabait 6, don haka zai ci data. A nan 'yancin kwafa yake da amfani ƙwarai: mutum ɗaya a aji ya sauke, sauran su kwafa daga wurinsa. Amma wanda zai sauke ya tabbata daga shafin Ubuntu na ainihi ya ɗauko. Kada a karɓa daga shafin da ba a sani ba.

Jefa fayil ɗin cikin filashi kamar yadda ake jefa hoto ko waƙa ba zai yi aiki ba. Sai an rubuta shi da wata ƙaramar manhaja, kamar Rufus ko balenaEtcher, su ma kyauta ne. Idan kun buɗe Rufus, a sama za ku ga sunan filashinku da girmansa. Ku duba da kyau cewa shi ne. Sai ku zaɓi fayil ɗin Ubuntu, ku danna Start. Za ta gargaɗe ku cewa duk abin da ke cikin filashin zai goge. Gaskiya take faɗi, saboda haka a kwashe takardu da hotuna tun da wuri. Wani koren layi zai yi ta cika a ƙasa har ya kai ƙarshe.

Yanzu sai a koma kan sabuwar kwamfutar. Ku jona mata caja, batir kuma ya kasance a cike. Idan ta tebur ce marar batir, ku jira lokacin da kuke da tabbacin wuta ko ku tayar da janareta, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki na iya sa a sake komawa farko. Ku kashe ta, ku soka filashin, ku kunna. Da zarar tambarin kamfanin ya bayyana, ku riƙa danna maɓallin da ke buɗe jerin wuraren tashi. A kwamfutocin Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP kuma F9. Lokacin gajere ne ƙwarai, kuma kusan kowa yakan makara a karon farko. Ba komai, a kashe a sake. Idan jerin ya fito, ku sauka da kibiya zuwa sunan filashin ku danna Enter.

Abin da ya fi burge ni a wannan manhaja shi ne tana yarda a gwada ta kafin a ɗora ta. Bayan zaɓen harshe da madannai za ku ga zaɓi biyu, Try Ubuntu da Install Ubuntu. Ku fara da na farko. Kwamfutar za ta yi aiki daga cikin filashin, ba ta taɓa komai a ma'ajiyarta ba. Kamar gwada takalmi ne a kasuwa kafin a biya kuɗi. Kada ku yi gaggawar wuce wannan mataki. Ku duba ko tana ganin Wi-Fi. Ku kunna wani bidiyo ku ji ko murya na fita. Ku ƙara hasken fuska ku rage. Ku gwada kyamara, ku shafa wurin yatsa ku ga ko kibiyar na motsi, ku jona firinta in kuna da ita. Sabuwar kwamfuta fil wani lokaci takan zo da kayan da manhajar ba ta riga ta san su ba, kuma gara a gano haka yanzu. Idan Wi-Fi ya ƙi, ku jona wayarku da igiyar caja ku kunna rabon intanet ta USB. Sau da yawa sabuntawa ta farko takan warware matsalar. Za ku ga tana ɗan jan ƙafa a wannan gwaji. Laifin filashi ne, bayan an ɗora ta za ta fi haka sauri.

Idan komai ya yi daidai sai ku danna Install Ubuntu. Za ta yi muku tambayoyi bi da bi. Inda ta tambayi manhajojin da kuke so, ku zaɓi Extended selection, domin a ciki ne ake samun LibreOffice na rubuta wasiƙa da lissafin kasuwanci. Inda ta ambaci manhajojin wasu kamfanoni na hoto da Wi-Fi da bidiyo, ku sa alamar yarda, za su rage muku wahala daga baya.

Daga nan sai shafin da ya fi kowane haɗari, wato shafin ma'ajiya. A nan a tsaya, a karanta a hankali, wanda bai gane ba ya kira malami. Akwai zaɓin da aka rubuta Erase disk and install Ubuntu. Ma'anarsa a share duk abin da ke cikin kwamfutar a ba Ubuntu wurin gaba ɗaya. Idan kwamfutar sabuwa ce kuma babu komai a cikinta, wannan shi ne zaɓinku, babu abin tsoro. Amma idan akwai Windows a ciki, ko an riga an zuba hotunan biki da takardun makarantar yara, wannan zaɓi zai tafi da su duka, kuma babu maɓallin dawowa. Mai wannan hali ya nemi zaɓin da ke da kalmar alongside, wato a zaunar da Ubuntu a gefen Windows. Za a raba ma'ajiyar gida biyu, ku ja wani layi hagu ko dama ku nuna girman rabon kowacce. Duk sanda aka kunna kwamfutar za ta tambaya wacce ake so a shiga.

Sababbin kwamfutoci masu Windows da yawa suna zuwa da wani makulli mai suna BitLocker da ke kulle ma'ajiya. Ubuntu za ta sanar da ku idan ta gamu da shi. Sai an koma cikin Windows an kashe shi tukuna, kuma kafin a taɓa komai a rubuta doguwar lambar buɗe shi a takarda a adana. Ko da wane zaɓi za a bi, duk abin da kuke jin zafin rasa shi ku kwafe shi a wani filashi dabam.

Shawarata ga mai shagon buga takardu da katin biki, wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop, ita ce kada ya share Windows. Waɗannan manhajoji ba a yi su don Linux ba. Akwai Inkscape da GIMP da ke yin aiki makamancin nasu, amma sai an koya, kuma ba a koyo da aikin kwastoma a hannu. Ɗalibi kuwa, ko malamin makaranta, ko mai ƙaramin shago da ke son rubutu da lissafi da shiga intanet, Ubuntu ta ishe shi. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan motsa.

Sauran tambayoyin masu sauƙi ne. Za ku rubuta sunanku, ku ba kwamfutar suna, ku zaɓi kalmar sirri. Wannan kalma za a riƙa neman ta duk sanda za a saka sabuwar manhaja, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa miyagun manhajoji ba sa samun shiga da sauƙi. Ku zaɓi wadda ba za ku manta ba, amma ban da sunan ɗanku ko shekarar haihuwarku. A taswirar lokaci, mutanen Nijeriya su zaɓi Lagos, na Nijar Niamey, na Ghana kuma Accra. Za a nuna muku duk abin da kuka zaɓa a shafi ɗaya. Ku sake karanta layin ma'ajiya kafin ku danna Install. Idan ta gama za ta ce a cire filashin a danna Enter.

Da ta tashi, ku jona intanet ku buɗe Software Updater ku bar ta ta sabunta kanta. A riƙa yin haka akai-akai, domin ta nan ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi.

Saura batun rubuta Hausa. Lokacin ɗorawa ku zaɓi tsarin madannai da ya dace da haruffan da aka zana a jikin kwamfutarku: na Ingilishi ga yawancin kwamfutocin Nijeriya da Ghana, na Faransanci ga masu farawa da AZERTY kamar yadda ake yawan samu a Nijar. Idan aka kuskure wannan, kalmar sirri na iya ƙin shiga. Bayan an gama sai ku shiga Settings, ku buɗe Keyboard, ku ƙara tsarin Hausa. Akwai na Nijeriya, akwai na Ghana. A wurin za ku iya buɗe hoton madannan ku ga inda haruffa masu lanƙwasa suke zaune. Ana sauyawa daga wannan tsari zuwa wancan ta hanyar riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows a danna dogon maɓallin tazara. Ku buɗe sabuwar takarda a LibreOffice Writer, ku gwada rubuta ƙofa da ɗaki da ɓera, sannan ku rubuta cikakken sunanku da sunan garinku, ku adana takardar, ku kashe kwamfutar, ku sake kunnawa ku nemo ta.