Darasi na 18: Motar da ba ta shan mai

Akwai motar da ba ta shan mai. Sunanta mota mai aiki da lantarki. Ba ta da tanki, ba ta fid da hayaƙi. A ƙarƙashin kujerunta akwai babban batir. Batirin ke juya inji, inji kuma ya juya ƙafafu. In batir ya yi sanyi, sai a jona shi da wuta, kamar yadda ake yi wa salula.

A cikin gari motar nan tana da amfani. Da yawa daga cikinsu suna yin kilomita 300 kafin batir ya ƙare. Direban taksi a Yamai yana iya wuni yana kai da kawo tsakanin Wadata da Babbar Kasuwa da Harobanda. Da dare ya jona motar, da safe ya tarar ta cika. Amma in an ɗauke wuta duk daren, ba aiki, ba kuɗin cefane.

Doguwar tafiya ita ce mai wuya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Mai motar mai yakan cika tanki cikin minti biyar. In mai ya ƙare masa, ya sayi na kwalba a bakin hanya. Lantarki kuwa ba a zuba shi a kwalba. Dole mai motar lantarki ya tsaya a hanya. In akwai tashar caji mai ƙarfi, rabin awa ya kusa isa. In wutar gida ce, sai ya kwana. In babu ko ɗaya, motar ta tsaya a daji da fasinjoji cikin rana.

A ƙasar Norwe tashoshin caji sun yi yawa. A 2024, cikin sababbin motoci 10 da aka saya can, kusan 9 masu lantarki ne. Nijar kuma tana da rana mai yawa. An buɗe tashar wutar rana a Malbaza a 2018, da wata a Goru Banda a 2023. Wutar rana ma tana cika batir.

Mu riƙe: motar lantarki ta dace da gari. Ba ta doguwar tafiya sai inda aka jera tashoshin caji.

Kalmomi
batir: la batterie
inji: le moteur
wutar rana: l'énergie solaire

Tambayoyi
1. Me ke juya injin motar lantarki?
2. Me ke hana direban taksi fita aiki da safe?
3. Mota tana yin kilomita 300 da cikon batir ɗaya. Ta tashi daga Yamai a cike. Sau nawa za ta tsaya caji kafin Damagaram?