Yadda Ake Kuɓuta Daga Masu Barazanar Tona Asiri da Sauran 'Yan Damfara

Bayan sallar isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, amma ya ƙi tashi, sai murza hularsa yake yi. Can ya miƙo mini wayarsa, hannu na rawa, ya ce, "Kawu, don Allah duba wannan, amma kada Umma ta ji."

Saƙon imel ne da Turanci. A samansa an rubuta kalmar sirrin da yaron ya taɓa amfani da ita tun yana sakandare. Mai saƙon ya ce ya kutsa cikin kwamfutarsa, ya kunna kyamara, ya ɗauke shi bidiyo yana kallon batsa. In bai biya da Bitcoin cikin awa 48 ba, zai watsa bidiyon ga duk wanda ya sani. Yini biyu yaron bai ci abincin kirki ba, har ya fara cigiyar mai sayen babur ɗinsa.

Na ce masa, "Kana da kwamfuta ne?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "A'a, Kawu." Tsoro ne ya rufe masa ido, bai ma lura ba.

Da farko: ajiye wayar

Kada ka biya, kada ka ba da amsa, ko da zagi ne. Kada ka taɓa wani mahaɗi ko ka buɗe wata takarda da aka maƙala a saƙon. Wa'adin awa 48 da suke bayarwa ba don komai ba ne sai don su hana ka tunani da shawara. Tashi ka sha ruwa, ka bari zuciyarka ta kwanta, sannan ka dawo ka karanta da idon basira.

Na biyu: tantance wace iri ce barazanar

Iri biyu ce, kuma maganinsu ya bambanta. Akwai ta holoƙo, wadda mai ita ba ya riƙe da komai naka. Akwai kuma wadda mutum ya mallaki hotonka ko bidiyonka da gaske.

Ta imel kusan kullum holoƙo ce. Tun shekarar 2018 irin wannan wasiƙa take yawo a duniya, ana tura ta ga miliyoyin mutane a lokaci ɗaya, kamar mai watsa tsaba. Mai turawa bai san ka ba, bai san garinku ba. Ya dai san cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka cikin dubu ba za a rasa wanda gabansa zai faɗi ba.

To, ina ya samo kalmar sirrinka? A nan ne hankalin mutane ke tashi, alhali bayanin mai sauƙi ne. Manyan kamfanoni sun sha fuskantar kutse. An sace bayanan masu amfani da LinkedIn a 2012, an kuma yi wa Yahoo kutse a 2013 wanda ya shafi asusu biliyan 3. Irin waɗannan jerin adireshi da kalmomin sirri ana cinikinsu a ɓoye, mai damfara ya saya, ya liƙa wa kowa tasa a saman wasiƙa. Shi ya sa sau da yawa za ka ga tsohuwa ce, wadda ka daɗe da daina amfani da ita.

Wani lokaci saƙon yakan zo kamar daga adireshinka ya fito, ya ce maka wannan ce shaidar ya ƙwace asusunka. Ba shaida ba ce. Imel kamar ambulan yake, mai aikawa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin sunan mai aikawa. Leƙa ma'ajiyar saƙonnin da ka tura. In babu shi a can, daga waje ya zo. A 2024 ma sun ƙara salo a Amurka, suna haɗawa da hoton ƙofar gidan mutum, wanda kawai daga taswirar Google suka ciro shi.

Ga gwaji biyu. Ya nuna maka ko da gutsuren bidiyon? Wanda ke riƙe da abu ba ya ɓoye shi, domin shi ne jarinsa. Sannan kwafi jimla ɗaya daga wasiƙar ka zuba a Google. Za ka tarar da ita kalma da kalma, wasu sun karɓe ta shekaru da suka wuce.

Na uku: toshe ɓarakar

Bidiyon ƙarya ne, amma fitar kalmar sirrin gaskiya ce. Shiga shafin Have I Been Pwned, wanda wani masani ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya kafa a 2013. Rubuta adireshin imel ɗinka kawai, zai nuna maka kutsen da ya rutsa da kai. Duk inda kake amfani da waccan kalma, canja ta a yau, ka fara da imel, domin shi ne uwar ɗaki: wanda ya riƙe shi yana iya buɗe Facebook ɗinka da sauran. Kada sabuwar ta zama sunan ɗanka ko lambar wayarka ko shekarar haihuwarka. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, kowane asusu da tasa. Kunna tantancewa mai mataki biyu. Daga nan ka yi wa saƙon alamar tarkace, ka share shi. Zai iya sake zuwa. Ka sake sharewa.

Idan kuma da gaske suna riƙe da hoto

Wannan ita ce mai ciwo, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Yawanci takan fara da wata "budurwa" a Instagram ko Facebook mai saurin sabo. Kwana ɗaya ko biyu ta ce a koma WhatsApp, ta turo hoton tsiraici, ta ce saura kai. Kana turawa murya ta canja. Sai ga jerin sunayen 'yan'uwanka da abokanka, da lambar asusun da za ka zuba kuɗi. A wajen mata kuwa, sau da yawa ba baƙo ba ne: tsohon saurayi ne, ko wanda aka ba wa waya gyara ya yi bincike a ciki. Wani ma ba kuɗi yake nema ba, ƙarin hotuna yake so ko a kai masa kai.

Abin ya taɓa mu ta fuska biyu. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa cikin 'yan awoyi da fara yi masa irin wannan barazana. Sun nemi dala 1,000, ya tura 300, ba su ƙyale shi ba. Wa da ƙani ne daga Legas suka yi masa haka. An miƙa su Amurka a 2023, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Masu yi wa 'ya'yan wasu haka ba za su ƙyale namu ba.

Ka lura da dala 300 ɗin nan. Kuɗin toshiyar baki ba ya toshe bakin irin waɗannan mutane, sai dai ya shaida musu cewa rijiyar na da ruwa. Saboda haka kada ka biya. In ka riga ka biya, kada ka ƙara.

Kafin ka toshe shi, ɗauki hoton allo na komai: sunan asusunsa, lambar wayarsa, kalaman barazanar, da lambar asusun bankin da ya bayar. Wannan ta ƙarshe ita ce igiyar da hukuma ke bi. Sannan ka kai ƙararsa ga manhajar, ka toshe shi, ka rufe jerin abokanka yadda baƙo ba zai gani ba. Kada ka goge asusunka cikin firgici, shaidarka na ciki.

Akwai hanyoyi biyu na kyauta da ke rage yaɗuwar hoton. StopNCII na manya ne, Take It Down kuma na wanda aka ɗauki hotonsa bai kai shekara 18 ba. Hoton ba ya barin wayarka. Wani tambari na lambobi ake cirowa daga jikinsa, kamar zanen yatsa, a ba kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok, in an yi yunƙurin ɗora shi su gane shi. Ba ya kaiwa ko'ina da ko'ina, amma yana rage ɓarna. Wanda kuwa ya zo maka da cewa shi gwanin kutse ne, ka biya shi ya goge hoton, damfara ta biyu ce.

Kai ƙara. A Nijeriya dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana nan, kuma 'yan sanda suna da cibiya ta musamman kan laifukan intanet, ga kuma EFCC. Nijar ma tana da tata dokar tun 2019.

Mafi wuya shi ne faɗa wa wani. Kunya ado ce a wurinmu, amma da ita mai barazana yake ɗaure mutum. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, yaya ko kawu ko gwaggo ko malaminka, ka gaya masa a daren nan. In har ka ji zuciyarka na raya maka ka cutar da kanka, kada ka kwana kai kaɗai. Ku kuma iyaye, in yaro ko yarinya ya zo muku da wannan, ku riƙe faɗan tukuna. Kuskure an yi shi, za a yi maganarsa daga baya. A wannan daren abin da yake bukata ya ji shi ne, "Muna tare da kai." Yaron da ya san duka da gori ne ke jiransa a gida, wurin azzalumin zai koma.

Sauran 'yan gidan

Duk uwarsu ɗaya, ko dai su tsorata ka ko su kwaɗaita maka, kuma kullum cikin gaggawa.

Akwai mai kira ya ce daga banki yake, wai BVN ɗinka ta samu matsala, za a rufe asusunka. Zai iya ambaton cikakken sunanka. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka, ko lambobi ukun da ke bayansa, ko lambar da aka turo maka ta tes. Kashe wayar, ka kira lambar da ke jikin katin, ko ka taka zuwa reshe.

Akwai mai cewa za a yi taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta intanet, an turo maka lamba shida, karanto masa. Lambar WhatsApp ɗinka ce. Kana faɗa ya ƙwace, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Maganinta ka sa lambar sirri ta mataki biyu a cikin saitin manhajar. Haka in saƙo ya zo daga ɗan'uwa cewa yana asibiti a turo kuɗi, kira shi ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

'Yan kasuwa da masu POS kuwa alat na bogi ne ke cinye su. Tes ba kuɗi ba ne, hoton rasit ma haka. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar shago, ko da mai sayen ya zo da babbar riga yana cewa jirgi zai tashi ya bar shi.

Sai masu ninka kuɗi. MMM ta rufta da jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba, shi ya sa maƙwabcinka da ya ce an biya shi ba ƙarya yake yi ba, kuma shi ya sa shaidarsa ba ta da amfani. Tambayi abin da ake saye da sayarwa har riba ta kai haka. In amsar ita ce ka kawo mutane, riƙe kuɗinka.

In kuɗi sun riga sun fita, mintuna ne ke aiki. Kira bankinka nan take, ka ba su lokacin da aka tura da asusun da ya karɓa, ka nemi a rufe katinka, sannan ka bi da rubutaccen ƙorafi da rahoton 'yan sanda. Tun yanzu ka nemi lambar da bankinka ya tanada don rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Ka kuma sa wa layinka lambar sirri, domin ɓarawon waya layin yake so, da shi yake kwashe asusu.

A daren nan mun zauna da ɗan yayata a kan tabarma har wajen sha ɗaya, muna canja kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Ashe guda ɗaya yake amfani da ita a wuri shida. Awa 48 ta cika ta wuce, babu wanda aka tura wa komai. Ranar Juma'a da na je gaida Yaya, na same shi zaune kusa da ita riƙe da wayarta, yana sa mata lambar sirri a WhatsApp, yana ce mata, "Umma, ko wa ya kira ya ce ki karanto masa lamba, ki ce sai na dawo."