Darasin Lafiyar Iyali: Reza Ɗaya, Kai Ɗaya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da kowane gida yake yi amma ba mu cika zama mu yi maganarsa ba, wato aski da kitso. Ana iya karanta shi a taron zumuntar mata ko na matasa, ko bayan an tashi daga sujada.

Wata shekara, ana saura kwana biyu Kirsimeti, na kwana a wani ƙauye kusa da Tsohon Birnin Gwari. Da safe na tarar da yara maza fiye da goma sun yi layi a gindin mangwaro, wani saurayi yana yi musu aski da reza da mataji. Kyauta yake yi domin yaran su fito tsaf ranar biki, kowa kuma yana sa masa albarka. Amma reza ɗaya ce tun daga na farko har na ƙarshe. Yaro na uku yana da makero a ƙeya, rezar ta ɗan kankare wurin har jini ya tsattsafo. Saurayin ya goge ta a wandonsa, ya kira na huɗu. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa. Ni ma haka aka yi mini ina yaro.

Abin da ido ba ya gani

Idan aka yi maganar reza, tunanin yawancinmu yana tafiya kan ƙanjamau, domin ita aka fi yi mana wa'azi a kai tun da aka ba da sanarwar ɓullarta a Nijeriya a 1986. Gaskiya ne tana iya bin jini ta kan kaifi, amma ƙwayarta ba ta daɗewa da rai idan jinin ya bushe, saboda haka ba kasafai ake ɗaukarta wurin aski ba. Cutar da ta fi ba ni tsoro a bakin aska ita ce ciwon hanta nau'in B. Ƙwayarta tana iya zama da rai a kan ƙarfe har kwana 7 ko fiye, ko da jinin ya bushe ƙarau ba a ganinsa, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum sau 50 zuwa 100.

Babban binciken da aka yi gida gida a duk faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa cikin manya 100, wajen 8 suna ɗauke da wannan ƙwaya, alhali masu ƙanjamau ba su kai 2 ba. Ku duba majami'arku ranar Lahadi ku yi lissafin da kanku. Yawancin masu ɗauke da ita ba su sani ba. Suna noma, suna cin tuwo, suna waƙa a mawaƙa, ba abin da ke yi musu ciwo. Sai bayan shekaru 20 ko 30 hanta ta lalace, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura da ruwa, mu kuma mu ce sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci.

Ga abin da ya sa na fara da labarin yara. Idan babban mutum ya kamu, sau da yawa jikinsa yana kore ƙwayar da kansa, waɗanda take zaune musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa, cikin 10 da suka kamu wajen 9 za su zauna da ita muddin ransu. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ma haɗarinsa babba ne. Ashe ke nan kan da ya fi bukatar sabuwar reza shi ne na ƙaramin yaro, shi ne kuma muka fi yi wa aski da ragowar ta babansa.

Akwai kuma nau'in C, wanda shi ma jini yake bi. Wannan ba shi da rigakafi, amma yanzu ana warkar da shi da magani cikin wata 3.

Kada wannan magana ta sa mu guje wa kowa. Ciwon hanta nau'in B ba ya kama mutum ta cin abinci a kwano ɗaya, ko gaisawa da hannu, ko zama a benci ɗaya. Hanyoyinsa su ne jini, da saduwar namiji da mace, da daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa.

Kananzir da wutar ashana

Samarinmu da yawa sun buɗe shagon aski da kilifa da ƙaramin janareta ko sola, a cikin Birnin Gwari, da Kuyello, da Dogon Dawa, har da wuraren haƙar zinariya inda maza suke taruwa daga garuruwa dabam dabam. Sana'a ce mai kyau, ta rufa wa da yawa asiri. Sai dai tsabtar da aka saba yi a shago ta ganin ido ce. A ɗiga kananzir ko fetur a bakin kilifa, a kunna laita a wuce da harshen wuta sau ɗaya, a kaɗe da buroshi, a ce wa na gaba ya zauna. Kananzir yana sa ƙarfe santsi, yana wanke dauɗa, amma ba maganin ƙwayar cuta ba ne. Wutar da ta wuce cikin ƙiftawar ido kuma ba ta shiga tsakanin haƙoran kilifa, inda gashi da ɓawon fata da jini suke maƙalewa. Haɗarin ya fi yawa wurin gyaran fuska da fitar da layi, domin a nan ne ake danna ƙarfe a fata.

Ga yadda ya kamata a yi. Da farko a kaɗe gashi, a wanke bakin ƙarfen da ruwa da sabulu, domin magani ba ya ratsa dauɗa. Daga nan a jiƙa shi cikin ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo. A duba jikin roba: idan an rubuta 3.5%, a zuba ma'auni 1 na bilic a ma'auni 6 na ruwa. Ƙarfen ya zauna a ciki minti 10, a fitar, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya, a ɗiga masa mai, domin bilic yana cin ƙarfe idan ya daɗe. Wannan haɗi na yini ɗaya ne, gobe sai a sake sabo. Almakashi da aska ana iya tafasa su minti 20, a fara lissafi daga lokacin da ruwa ya fara tafasa. Sifirit na kemis yana taimakawa idan an riga an wanke ƙarfen, aka jiƙa shi sosai aka bar shi ya bushe da kansa, ba fesawa ɗaya ba.

Na san abin da mai shago zai ce: ranar kasuwa mutum 6 suna jira, wa zai tsaya minti 10? Amsar ita ce kilifa biyu, ko baki biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana cikin magani. Wanda kuma Allah ya hore wa, ya sayi nasa kilifa ya riƙa zuwa da shi. Ita reza ba ta da wata doguwar magana. A ɓare sabuwa a gabanka, a yi maka aiki, a jefa ta cikin gwangwani mai ƙaramin baki. Idan ya cika a binne shi da zurfi ko a kai wa ma'aikatan asibiti. Kada a watsar a bola, yaranmu suna tsintar su su feƙe fensir.

Bilic kuma a ajiye shi inda yaro ba zai kai ba, kada a juye shi cikin kwalbar lemo.

Wanzami

Wanzami ya riga asibiti zuwa ƙasar nan. Da zabirarsa yake yin aski, da ƙaho, da kaciya, da tsaga, kuma a shekarun da hanyar Kaduna ta gagari mutane saboda 'yan bindigar daji, wasu ƙauyuka ba su da wani mai taɓa jiki sai shi. Yawancin wanzamanmu maƙwabtanmu ne Musulmi, wasu sun gaji aikin gidajenmu tun daga kakanni. Ba daidai ba ne mu ci mutuncinsu. Abin da ya dace shi ne maigida ya sayi sabuwar reza ya ajiye kafin wanzami ya iso, ya miƙa masa cikin girmamawa. Na ga an yi haka sau da dama, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Idan dattawan ekklesiya suka je suka zauna da Sarkin Aska na yankinsu, maganar za ta fi tafiya da sauri fiye da wannan takarda.

Amma akwai inda zan faɗi ra'ayina ba tare da kwana ba. Kaciyar taro da ake yi wa yara lokacin sanyi da aska ɗaya, a daina. A kai yaro asibiti, idan hakan ya gagara to kowane yaro da nasa sabon kaifi, kada kuma a sa toka ko kashin dabba a ciwon, domin ta nan ciwon sarƙewar haƙora yake shiga. Cire beli ga jariri ba shi da amfanin da likitoci suka gano. Belin halitta ce, kowa da nasa aka haife shi, abin da yankan yake jawowa shi ne zubar jini da ƙin shan nono. Tsagar fuska kuwa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro ita.

Masu yankan farce da suke yawo da almakashi ranar kasuwa, hukuncinsu ɗaya ne da na mai aski. Sun fi shi fitar da jini ma.

Wurin kitso

Iyaye mata, naku ya zo. Mataji ɗaya da tsinke ɗaya suna zaga kawuna da yawa a tsakar gida, su kwashi ƙwarƙwata da makero daga wannan zuwa wancan. Kowace mace ta je da nata mataji. Mai kitso ta wanke hannu da sabulu tsakanin kai da kai, ta riƙa wanke tawul tana shanyawa a rana. Allurar ɗinka ƙarin gashi tana soke fata, saboda haka ita ma ta mutum ɗaya ce. Kitson da aka ja da ƙarfi har ƙuraje suka fito a goshi yana cinye gashin gaba, wani lokaci ba ya dawowa.

Man miƙar da gashi yana da sinadari mai ƙuna, dangin wanda ake dafa sabulu da shi. Idan ya wuce lokacin da aka rubuta, ko aka shafa a kan da aka sosa, yana ƙona fata ya bar gyambo. Kada a sa wa ƙananan yara. Baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi ya sha tayar wa amare bororo a hannu, jan lallenmu na gargajiya ya fi shi aminci. Duk man da za ku saya ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Makeron kai kuma ba man birki yake so ba, ba baƙin mai ba. Man shafawa kaɗai ba ya kai wa saiwar gashi, sai an haɗa da maganin sha na mako 6 zuwa 8, wanda ma'aikacin lafiya zai rubuta daidai nauyin yaron.

Wa zai duba?

Tsofaffinmu suna tuna duba-gari na zamanin Turawa, wanda yake leƙa randa da masai. Aikin yana nan, yanzu ana kiransu jami'an tsabtar muhalli, kuma tun 2002 akwai dokar tarayya da ta kafa majalisar da take yi musu rajista. Tsarin mulkin 1999 ya sa lura da shaguna a hannun ƙaramar hukuma. Amma ƙaramar hukumar Birnin Gwari ƙasa ce mai faɗi da daji, kada mu zauna jiran wani ya zo ya duba shagon da yake cikin ƙauyenmu.

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki ya karanta Littafin Firistoci sura 13 da 14 a gida. Za ku ga firist ne aka ɗora wa duba ciwon kai da na gemu, ya keɓe mai shi kwana 7, ya sake dubawa, a yi aski, a wanke tufafi. Ba muna cewa a fitar da kowa bayan gari ba, yau muna da magani. Abin lura shi ne shugabannin sujada ba su ɗauki lafiyar fata a matsayin abin da bai shafe su ba.

Babbar garkuwa ita ce rigakafi. Tun 2004 allurar ciwon hanta nau'in B tana cikin alluran da gwamnati take yi wa yara kyauta. Ta farko a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, a jira sai bayan suna a fita, lokacin ta farkon ya wuce ke nan. Ko a gida aka haihu, maigida ya nemi hanyar kai jaririn asibiti mafi kusa a ranar. Mace mai ciki ta nemi a gwada jininta wurin awo. Duk wanda aka haifa kafin 2004, musamman mai aski da mai kitso da masu shirin aure, ya je a gwada shi. Idan ba shi da ƙwayar a yi masa allurai 3. Idan yana da ita, akwai maganin da yake danne ta ya kare hanta ko da bai fitar da ita duka ba, ya kuma bar giya da burkutu da jiƙe-jiƙen da bai san abin da yake ciki ba.

Don tattaunawa

Su wa suke yin aski da kitso da kaciya a ƙauyenku, kuma wa zai iya zama da su a wannan wata? Jarirai nawa aka haifa a ekklesiyarku cikin shekarar nan, nawa ne aka yi wa allurar ranar farko? Mama Pasto da shugabar zumunta su duba katunan. Matasa kuma, kafin askin biki mai zuwa, ku ƙirga yaran makarantar Lahadi ku kawo wa ma'aji adadin rezar da za a saya.