Darasin Kasuwanci: Yadda Doka Ke Kare Sunan Garin Da Kaya Suka Fito

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen albasa da yawa ya san cewa in aka ce ta Galmi ce, kuɗinta ya ɗara na sauran. Galmi gari ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, amma sunan nasa ya zama jari, kuma jari in ba a tsare shi ba, wani ne zai ci ribarsa. Domin haka ne ƙasashe suka kafa dokar da ake kira ta alamar asalin kaya.

Wannan alama ta bambanta da tambarin kamfani. Tambari mallakar mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya, in ya ga dama ya sayar da shi. Ita kuwa alamar asali ta dukkan manoma ko masu sana'ar wani yanki ce, muddin suka bi ƙa'idojin da aka rubuta game da iyakar yankin, da irin da ake shukawa, da yadda ake sarrafa kayan. Wanda yake wajen yankin ba ya da ikon amfani da sunan, ko da kayansa sun fi kyau.

Faransa ce ta yi fice a wannan fanni. Tun 1925 ta kare sunan cukun Roquefort, a 1935 kuma ta kafa tsarin da ya shafi giya. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 1992, sannan yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta wajabta wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, har da Nijeriya, su samar da hanyar hana yaudarar mai saye game da asalin kaya.

Abin da ya fi shafar mu shi ne na maƙwabta. Hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ke da ƙasashe 17, ta yi wa barkonon Penja da zumar Oku na Kamaru rajista a 2013. A 2021 ta yi wa albasar Galmi da "Kilichi du Niger". Nijar ba ta farka haka kawai ba, domin a shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar irin albasa da sunan Galmi, sai da aka yi jayayya kafin ya janye sunan.

A nan ne wasu 'yan kasuwarmu ke kuskuren fahimta. Rajistar Nijar ba ta ƙwace kalmar kilishi daga hannun mahaucin Kano ko na Sakkwato ba. Abin da ta hana shi ne ya kai nasa Kwatano ko Abijan ya ce na Nijar ne. Sai dai shi ba ya da irin wannan garkuwa, don Nijeriya ba ta cikin OAPI. Dokar Tambura ta 1965 ta ba da damar yin rajistar alamar shaidar inganci, kuma a ganina nan ya kamata masu kilishi, da manoman doyar Binuwai, da na cittar Kudancin Kaduna su fara.

Aikin da ke gabansu ya fi na lauya wuya. Dole su kafa ƙungiya, su amince a rubuce da irin naman da ake sa wa kilishi da adadin tunkuza da yaji, su kuma yarda a hana ɗan'uwansu amfani da sunan in ya yi algus.