Ki Bar Wa Huhu Wuri

'Yata, hunturu ya kusa, kin kuwa san halinsa a Kujama. Ƙura ta taso daga titin Kachiya, sanyin asuba ya shiga ƙashi, gida-gida sai tari da atishawa. Yawancin mutane kwana kaɗan za su yi su miƙe. Amma akwai waɗanda murar ke sauka musu a ƙirji, masu jiki kuma suna cikinsu. Kada ki ɗauka gori nake miki. Kin dai san a danginmu ba a gaji rama ba.

A wajenmu, mace ta yi jiki sai a ce hankalinta ya kwanta, mijinta na riƙonta da kyau. Namiji ya ajiye tumbi, a ce kuɗi sun zauna. Ban ga laifin kowa ba. Iyayenmu sun ga yunwa, shi ya sa rama ke ba su tsoro. Sai dai su a gona suke yini, matan Gbagyi kuwa da kaya a kafaɗa suke takawa har kasuwa. Mu daga ƙofar gida sai acaɓa, daga acaɓa sai kujerar shago, ga lemon kwalba a gefe.

Akwai wani tantani da ya raba ƙirji da ciki. Duk jan numfashi sai ya sauka ƙasa huhu ya cika da iska. In kitse ya taru a ciki, sai ya tokare shi, kamar a ɗora wa zugazugin maƙeri buhun masara. Da lafiya ba za ki lura ba, sai dai ɗan haki in kin hau tudu. Ranar da cuta ta kama huhu, ranar ake neman sararin nan a rasa. Kitsen ciki kuma ba a kwance yake kawai ba. Yana rikita garkuwar jiki, yana sa jini saurin yin gudaji, sau da yawa kuma tare yake tafe da hawan jini da ciwon suga, waɗanda mutum kan daɗe da su bai sani ba.

Likitoci sun fara ankara sosai a 2009, lokacin murar aladu, da suka ga masu ƙiba sun yi yawa a ɗakunan kulawa ta musamman a Amurka. Korona ta zo ta ƙara tabbatarwa. Kina tune da ƙarshen watan Maris na 2020, da aka kulle Kaduna, aka rufe masallatai da coci-coci, gwamna Nasir El-Rufa'i da kansa ya sanar ya kamu. A watan Afrilu firaministan Birtaniya, Boris Johnson, ya kwanta a asibiti ana ba shi iskar oksijin, yana da shekara 55. Da ya tashi, da bakinsa ya ce ƙiba ta yi masa yawa. Wanda manyan likitocin Landan ke kansa ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne sha-ka-fashe, ƙwayoyin da ake sha don a yi ƙiba. Na san amare na sha, masu jego na sha, don kada dangin miji su ce ba a ci da su. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su dexamethasone, kumbura fuska suke yi, su ɗaga suga, su kwantar da garkuwar jiki. Kin ga an haɗa miki nauyi da rauni a kuɗinki. In kin riga kin daɗe kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki je likita ya janye miki a hankali.

Ba sai kin nemi sikeli ba. Ki sami zare, ki auna tsawonki daga ka zuwa diddige, ki ninke zaren gida biyu, ki zagaya cikinki da shi kaɗan sama da cibiya. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In ya ƙi, akwai ɗan aiki. Ki auna maigidan ma, cikin raha, kada ya ga kamar raini ne.

Aikin kuma ba horon yunwa ba ne. Rage malmalar tuwo, ƙara ganye a miya. Faten acca da rama da yakuwa da muka taso da shi bai yi wa kowa laifi ba, mu ne muka guje shi muka koma taliya da burodi. Lemon kwalba ki bar shi sai ranar biki. Inda ƙafa za ta kai ki, ki bar mai acaɓa ya wuce. Sannu ba ta hana zuwa. Ko kilo kaɗan kika sauke, hawan jini da suga za su ji a jikinsu.

In murar ta zo, shayin citta zai gyara miki maƙogwaro, ga ta nan Kachiya ta wadata mu da ita. Amma da zarar kin ga numfashi na sarƙewa kina zaune, ko ƙirji na ciwo, ko ba kya iya ƙarasa magana sai kin tsaya kin ja iska, an wuce wurin citta da mai kemis. Ki nufi asibiti a ranar, ko da Barau Dikko ne a cikin Kaduna. In a Kafanchan abin ya same ki, ga asibitin Yakowa. Ki ce a auna miki iska da suga da jini, ki kuma tafi da kwalin duk maganin da kike sha ki nuna musu.