Lissafin Cacar Sukuwa: Dalilin da Ya Sa Mai Zuba Kuɗi Ke Komawa Gida da Asara

Gabatarwa

Doki abin ado ne da alfahari a ƙasar Zamfara. A masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu an daɗe da sanin sukuwa a matsayin wasan gwada bajinta. Amma a wasu ƙasashe an mai da tseren dabbobi sana'ar caca. A Ingila an buɗe filin tseren karnuka a Mancesta a 1926, a Faransa kuwa tun 1920 ake yin babbar gasar dawaki masu jan keke a gefen birnin Paris. Ko da yake shari'ar Musulunci da ta fara aiki a Jihar Zamfara a watan Janairun 2000 ta haramta caca, wayar salula ta sa matashi yana iya zuba kuɗinsa a kan tseren da ake yi a wata nahiya, alhali yana zaune a ɗakinsa. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san abin da ilimin lissafi ya faɗa game da wannan harka.

Yadda Ake Raba Kuɗin

A 1867 wani mazaunin Paris mai suna Joseph Oller ya ƙirƙiro tsarin da aka fi amfani da shi a filayen sukuwa na ƙasashe da dama. Ana tara kuɗin 'yan caca duka wuri guda, mai gidan caca ya cire la'adarsa tun kafin a saki dawaki, sa'an nan a raba ragowar ga waɗanda dokinsu ya yi nasara.

Ga misali don a fahimta. A ƙaddara cewa dawaki uku za su kara: Akawal daga Gusau, da Kili daga Tsafe, da Bidi daga Bunguɗu. Jama'a suka zuba naira 50,000 a kan Akawal, da 30,000 a kan Kili, da 20,000 a kan Bidi, jimla naira 100,000 ke nan. Idan la'ada kashi 20 ce cikin ɗari, mai gida zai ɗauke naira 20,000, saura 80,000. In Akawal ya ci, kowace naira ɗaya za ta dawo da naira 1 da kwabo 60. In Kili ne, kusan naira 2 da kwabo 67. In kuwa Bidi ne, naira 4.

To, a ce wani mai wayo ya raba naira 1,000 a kan dawakin uku daidai yadda jama'a suka raba nasu: 500 da 300 da 200. Tabbas ɗaya daga cikin dawakinsa zai ci. Amma ko wanne ya ci, naira 800 za a ba shi. Idan ya sake zuba abin da ya samu, zai koma 640, daga nan 512. Bayan tsere goma ba zai rage da abin da ya wuce naira 107 da 'yan kwabbai ba, alhali bai taɓa kuskuren zaɓen doki ba ko sau ɗaya. Shi kuwa mai gida bai damu da dokin da ya ci ba, don rabonsa yana aljihu tun kafin ƙura ta tashi.

Ƙa'idar Yawan Maimaici

Wani zai ce ai akwai waɗanda suka ci kuɗi mai tsoka. Gaskiya ne, amma daga aljihun sauran 'yan caca aka biya su. Masanin lissafi Jacob Bernoulli, a littafinsa da aka buga a 1713, ya tabbatar da cewa idan aka yawaita maimaita abin da ya dogara ga sa'a, matsakaicin sakamakonsa yakan matso kusa da abin da lissafi ya nuna. Wanda ya yi caca sau ɗaya yana iya dacewa. Wanda ya yi sau dubu kuwa, da wuya ya kuɓuta daga la'adar nan. Yau da gobe sai ta cinye jarin.

Lamarin ya fi tsanani a irin cacar da aka fito da ita a Faransa a 1954, wadda ake so mutum ya faɗi doki na ɗaya da na biyu da na uku a jere. Idan dawaki 16 suka shiga tsere, kowanne yana iya zuwa na ɗaya, saura 15 ga matsayi na biyu, da 14 ga na uku. In aka ninka 16 sau 15 sau 14, za a sami jeri 3,360, kuma ɗaya tak ne daidai. Sanin dawaki yana rage wannan duhu, amma ba ya soke la'ada, don sauran jama'a ma sun zuba kuɗinsu a kan fitattun dawakin, rabon kowa ya ragu.

Abin da Ke Hana Dainawa

Masanin halayyar ɗan'adam B. F. Skinner ya gwada tattabaru, ya gano cewa ladan da ke zuwa jefi-jefi, ba tare da an san lokacinsa ba, shi ya fi sa dabba nacewa. Haka ɗan caca yake: ci ɗaya yakan mantar da shi faɗuwa ashirin, sai ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin taki da na cefane don ya fanshe abin da ya rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ke bukatar magani, don haka wanda ta kama ya fi bukatar taimakon iyali da likita a kan gori.

Aikin Gwaji

1. Idan la'ada kashi 25 ce cikin ɗari, nawa naira ɗaya za ta dawo da shi in Bidi ya ci?
2. Da wannan la'ada, nawa zai rage daga naira 1,000 bayan tsere huɗu?
3. Jeri nawa za a samu idan dawaki 10 ne suka shiga tsere?