Darasin Wannan Wata: Zaɓen Ƙafar Keke Domin Hanyar Karkara

'Yan'uwa manoma, kaka ta gabato. A wannan lokaci ne ƙungiyoyi da yawa su kan zauna su yi shawarar sayen keke, ko domin mai bishara, ko domin sakataren da ke zaga ƙauyuka karɓar kuɗin taki. Yanzu kuwa kasuwa ta cika da kekunan gwanjo masu faɗin taya da giya da yawa, waɗanda a ke kira keken hawan dutse. Mai sayarwa zai ce ku ɗaga ku ji, ba nauyi. Gaskiya ya faɗa. Amma kuɗin na jama'a ne, don haka ya kamata mu san abin da rashin nauyin nan zai ba mu da abin da zai hana mu.

An fara irin wannan keke a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, inda samari su ke gangarowa daga duwatsu domin wasa. A 1996 aka shigar da tserensa cikin wasannin Olimfik a birnin Atlanta. Masu wannan tsere suna bin daji, hawa da gangara, kuma su ne su ka fi damuwa da ƙafa marar nauyi. Suna da dalili. Nauyin da ke bakin wili, watau gefen da taya ke zama, sai an tura shi gaba kuma an juya shi, saboda haka duk lokacin da mutum zai ƙara gudu, wannan nauyi ya kan zama kamar an ninka shi biyu. Mai tsere yana rage gudu yana ƙarawa a kowace kwana, abin yana taruwa masa.

To, mu fa? Bari mu yi lissafi. Ƙafafu biyu na tsere, ba taya, su kan yi wajen kilo 1.5. Masu ƙarfi na alminiyam su kan yi wajen kilo 2. Bambanci rabin kilo ke nan. A ce mahayi kilo 65 ne, keke kilo 15, rabin buhun masara a kariya kilo 50. Duka 130. Rabin kilo cikin 130 bai kai kashi ɗaya cikin 200 ba. Ba wanda zai ji shi a cinyarsa. Abin da zai ji shi ne ranar da wili ya lanƙwashe a tsakiyar hanya, da kaya a baya, ga rana ta yi.

Ta yaya maƙera su ke rage nauyin? Suna rage kaurin wili, suna rage yawan sifoki. Tsofaffin kekunan Raleigh na Ingila da iyayenmu su ka hau suna da sifoki 32 a gaba, 40 a baya, domin baya ce ke ɗaukar kaya. Ƙafar tsere kuwa 24 ko 28 ne. Idan sifoki ɗaya ya tsinke cikin 36, sauran za su riƙe har a kai gida. Idan ya tsinke cikin 24, nan take wili zai karkace ya soma gogar birki ko jikin keke. Wasu sifokin tseren ma miƙaƙƙu ne, ba su da lanƙwasar nan ta kai, kuma da wuya mai gyaran keke na kasuwar ƙauye ya sami irinsu. Akwai kuma wili na kabon, baƙi, marar nauyi ƙwarai, mai tsada. Ƙarfe da alminiyam su kan lotsa, a gyara su a ci gaba. Kabon ba ya lotsawa, tsagewa ya ke yi, in ya tsage kuwa maƙerin garinmu ba shi da abin yi masa. Ra'ayinmu shi ne kada ƙungiya ta saye shi ko da an yi mata araha.

Ba mu ce a guji marar nauyi ɗungum ba. Mai bishara ko malamin gona da ke tafiya mai nisa da jaka kaɗai, musamman a ƙasar duwatsu kamar Filato ko tuddan Mambila, zai ji daɗin wili na alminiyam. Birki ya fi kama shi da damina fiye da na ƙarfe mai sheƙi, ga shi ba ya tsatsa. Sai dai a nemi mai bango biyu. A cire taya a duba: idan kawunan sifoki suna can ciki ƙarƙashin wani bango, mai bango biyu ne, ya fi ƙarfi. A sa sifoki 32 a gaba, 36 a baya. Wanda aikinsa dakon buhu ne da jarkar ruwa, tsohon baƙin keke mai wilin ƙarfe ya fi masa.

Yanzu ga wurin da mutane su ka fi asarar kuɗi, watau girman ƙafa. Keken hawan dutse yana zuwa da girma uku: inci 26, da 27.5, da 29. Babbar ƙafa ta fi haye rami da dutse cikin sauƙi. Ƙarama kuwa sifokinta gajeru ne, ta fi juriya idan sauran abubuwa daidai su ke. Amma lambar inci tana ruɗi. Tsohon baƙin keke inci 28 a ke ce da shi, duk da haka wilinsa ya fi na 29 girma. Ku duba gefen taya, za ku ga wata lamba mai kashi biyu, kamar 54-559. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman wili a milimita. Inci 26 na keken dutse shi ne 559, 27.5 shi ne 584, 29 shi ne 622, baƙin keke kuwa 635. In lamba ta biyu ba ta yi daidai ba, taya ba za ta zauna ba, ko mai faci ya yi ta fama har dare. Saboda haka kafin a biya kuɗin keke, a aiki mutum kasuwar da ta fi kusa ya tambayi wace lamba a ke samun tayarta da tib ɗinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A duba bawul kuma. Wasu kekunan suna zuwa da siririn bawul wanda famfonmu ba ya kamawa, ramin wilinsa ma ƙarami ne. Wasu ba su da tib sam, wani farin ruwa a ke zubawa ciki ya toshe hudar ƙaya. Dabara ce mai kyau, amma ruwan ya kan bushe cikin 'yan watanni, balle da zafinmu. Ana iya sa musu tib kamar kowane keke. Tayar tsere ma sirara ce, tsidau da ƙayar aduwa ba sa jin kunyarta. Gara mai kauri.

Wani abu mai haɗari: wilin da aka yi domin birkin faifai ba shi da gefen da robar birki za ta kama. Kada a ɗaura shi a keke mai birkin roba, ko da ya shiga.

Ranar saye, ku tafi ku biyu, ɗaya ya ɗaga keke ɗaya ya juya ƙafa. Ku sa yatsa kusa da wili ku ga ko yana kaiwa da komowa. Ku matsa sifoki bibbiyu, kada a sami masu sako-sako. Ku duba bakin kowane ramin sifoki ko akwai tsaga. Ku shafa gefen da birki ke ci, in ya zama kwari, wilin ya ƙare. Sa'an nan ku girgiza ƙafa hagu da dama. In tana motsi, a buɗe hob. Mai boris warwara ya fi mana, domin ana samun boris da giris ko'ina.

Kafin taro mai zuwa, kowane memba mai keke ya rubuto lambar da ke gefen tayarsa da yawan sifokin baya, ya ba sakatare. In an ga lambar da ta fi yawa, ƙungiya sai ta sayi taya da tib da sifoki a sari ta ajiye a ɗakin kayanta.